Dakwa da Dakuwa

Juma'a bakwai ke nan Maliki bai ci fatur, karin kumallon taro, da maza ba. Matarsa Sakinatu ce ke ƙirgawa, don shi ya nuna kamar bai ma san ana yi ba.

A ƙauyensu na Hausawan da suka zauna cikin Larabawa, can gefen tur'a, wato magudanar ruwan da ke shayar da gonakin yammacin Managil, duk Juma'a da hantsi kowane gida kan fitar da siniyya, babban tire, guda ta abinci, a jera a tabarmi ƙarƙashin dogon yaron ƙofar masallaci. Maza su zauna biyar-biyar, shida-shida, hannu cikin kwano ɗaya. Nan ake jin wanda ruwa bai kai gonarsa ba, da wanda tsutsa ta ci masa auduga, da wanda za a je yi wa gaisuwa. Shekara talatin da ɗoriya Maliki bai taɓa fashi ba, sai ranar da likita a Managil ya duba jininsa ya ce sukari ya yi masa yawa. Ya bar kisra, wainar dawar nan mai faɗi, ya bar asida, tuwonsu na can, ya bar burodi, ya bar shayi mai zaƙi. To, in ka cire waɗannan daga siniyyar Juma'a, me ya rage ban da miya da kwanon wanke hannu?

Juma'ar farko ya je, ya zauna ya naɗe hannu. Ai kuwa amininsa Hamid ya dube shi ya ɗaga murya ya rantse da sakin matarsa sai ya ci. Hamid kuwa mutum ne da in za a lissafa rantsuwoyinsa a kan abinci, da matarsa ta koma gidan ubanta sau arba'in. Amma rantsuwa rantsuwa ce. Maliki ya gutsuri kisra don kada ya raba aure, ya ƙara don kunya, ya dawo gida ya tsaga yatsa a 'yar na'urar awon da aka ba shi, lambar ta haura inda likita ya ce kada ta kai. Tun daga ranar ƙaninsa Osman ke zuwa ɗaukar siniyya, shi kuma ya zauna a ɗaki da rediyo da dafaffen ƙwai biyu.

"Malam, siniyya ta hita," Sakinatu kan ce daga bakin ƙofa.

"Na ji. Mi za ni yi can? In zamna in naɗe hannu awa mai gaba da mutane?"

Ba ramar da ya yi ce ta fi damun ta ba. Shirunsa ne. Mutumin da kan dawo daga fatur ya cika mata kunne da labari har ta ce ya isa, ga shi yanzu sai ya yini bai ce uffan ba. Kuma ta yi kewar wani abu da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Tun yana saurayi lauje ya cire masa kan yatsan tsakiya na hannun dama, saboda haka in ya suɗe kwano sai ya bar layi biyu da ɗan fili a tsakaninsu. Mata ba sa ganin cin abincin maza, amma duk Juma'a in siniyya ta dawo, Sakinatu kan duba gindin kwano ta ga hannun mijinta, ta san ya ci ya ƙoshi. Yanzu kwanoninta na dawowa da hannuwan da ba ta sani ba.

Maganin ya zo ta waya, daga 'yarsu Fauziyya, ma'aikaciyar jinya a Madani. Ita ce ta ce akwai wani tsarin cin abinci da ake kira kito, kuma ta yi magana da likitan ubanta ya amince a gwada, muddin ana awo. Da Sakinatu ta fara jin kalmar sai ta zaci kitso ake nufi, ta ce wane kitso ga tsoho mai sanƙo. Da aka yi mata bayani sai ta ga ashe kalmar ta fi kusa da kitse. Wai mai halal ne, ƙwai halal, fatar kaza halal, amma dawar da suka noma da hannunsu, wadda ta raini kakanninsu tun daga Sakkwato har bakin kogin nan, ita ce abin gudu. Abin ya ɗaure mata kai, kuma ya ba ta sha'awa. Ta yini tana tankaɗe tana tambayar kanta, me ke cikin dawa da babu a cikin man riɗi? Ta ɗanɗana garin a harshe, ba ta ji zaƙi ko kaɗan ba. To ina sukarin ya ɓuya?

Da wata uwar ce, da ta ɗauki waya ta tambaya. Amma Fauziyya 'yar fari ce. Tun ranar suna Sakinatu ba ta taɓa kama sunanta ba, kakarta ce ta goya ta, kuma ko a gida in ta zo hutu sai dai a ce "ke", a bayan ido a ce "ta Madani". Don haka saƙonnin murya a wayar uban suke sauka, shi ya kunna a tsakar gida da ƙarfi, Sakinatu kuma ta yi kamar tana gyaran murhu alhali kunnenta na can.

Wata Litinin saƙo ya zo mai tsawo. Fauziyya ta yi wa ubanta Larabci tiryan-tiryan, yadda duk yaran yanzu suke yi, sannan ta ce ya miƙa wa Inna. Nan ta juya harshe zuwa Hausa, tana tafiya a hankali kamar mai tsallaka tur'a a kan itace.

"Inna, ina kwana. Ki gasa aswad bisa wuta, ya'ni sai ya yi laushi. Ki cire baya nashi, ki daka. Ki sa man simsim, da lemun, da tum… da tafarnuwa. Da dakuwa, cokali biyu manya. Baba ya riƙa tsoma ajjur ciki, ba kisra ba. Halas, zai iya zama da mutane."

Sakinatu ta ajiye muciya. Aswad dai ta san shi, baƙin yalon nan mai sheƙi da ke bayan ɗaki. Simsim riɗi ne. Ajjur, doguwar kokwamba, Osman na da kunya uku nata a bakin ruwa. Dabarar kuma ta yi mata daɗi: hannunsa zai riƙa zuwa kwano ɗaya da na kowa, sai dai abin da ke tsakanin yatsunsa ne zai bambanta. Amma dakuwa?

Ta sa ya sake kunnawa. Dakuwa dai ta ce, ƙarara.

Dakuwa kuwa babu wanda zai koya wa Sakinatu ita. Uwarta ta sayar da ita a tashar Managil shekara ashirin: soyayyen garin gero, soyayyar gyaɗa, sukari, ɗan barkono, a kirɓa a turmi har ta kama jikinta a mulmula. Gero da sukari. Ta tsaya tana juya abin a ranta. Sai ta tuna cewa a wannan tsarin komai a kife yake, kitse magani, tuwo cuta. Wa ya sani ko gero in an soya shi sukarinsa ƙonewa yake? Wa ya sani ko ɗacin aswad na kashe zaƙi? Yarinyar nan dai ta yi karatu shekara huɗu, kuma ba za ta cuci ubanta ba. Ta rage sukarin zuwa rabi don ta kwantar da ranta, ta soya geronta, ta kirɓa.

Ranar Laraba ta gwada masa a gida. Ta gasa aswad uku a garwashi har fatarsu ta tsage, ta ɓare tana hura yatsu, ta daka da tafarnuwa, ta marmasa dakuwa a ciki, ta kwarara man riɗi, ta matse lemun tsami. Ta yanka ajjur dogo-dogo ta jera a gefe. Maliki ya tsoma na farko da fuskar mai shan magani. Na biyu ya gyara zama. Kafin ta dawo daga ɗebo ruwa ya suɗe kwanon, ga layi biyu da fili a tsakani.

"Wanga abu in na kai ma Hamid sai shi rantse har da matar maƙwabta," ya ce yana dariya. Rabon da ta ji dariyarsa har ta manta.

Bayan awa biyu ya tsaga yatsa. Ya dubi lambar, ya juya mata ita ta gani. Ta fi ta ranar kisrar Hamid.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya mayar da na'urar cikin jakarta, ya ce, "Ki bar wahal da kanki. Jikin ga ya riga ya yanke hukunci." Juma'a ta takwas Osman ya ɗauki siniyya, rediyo na ta surutu a ɗaki.

Kwana biyu ta bar zancen. A na ukun tambayar ta dawo ta hana ta sakat. Abu shida ta sa a kwanon nan. Ba zai yiwu duka su zama ɓarayi ba, ɗaya ne, kuma tana son ta san shi.

"Malam, ba don ka hita ba," ta ce masa da safe. "Don in gane. Yau aswad kaɗai za ka ci, da gishiri, sannan mu tambayi na'urar ga."

"Kin maishe ni gonar gwaji ke nan."

"To ai kai ma ka taɓa raba gonarka huɗu don ka gane wane iri ad daidai."

Ya yi hakan kuwa, har maƙwabta suka yi masa dariya shekarar. Ya ci aswad da gishiri, lamba ta zauna lafiya. Washegari ta ƙara man riɗi da tafarnuwa, ta zauna lafiya. Rana ta uku ajjur da lemun tsami, ko gezau. Sakinatu ta riƙa tsayawa a kansa tana leƙen ɗan gilashin, tana mamakin yadda ɗigon jini guda ke tona asirin abin da mutum ya ci. Har ta so ta tsaga nata yatsan bayan ta ci kisra don ta ga me zai ce da ita, sai ta ga tsinkayen awon sun kusa ƙarewa ta haƙura. Shi ma Maliki, duk da ƙunƙunin da yake yi, ta lura ya fara riga ta duban agogo.

Saura dakuwa. Ba ta ba shi ba, don ta riga ta san amsar. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda aka yi mai karatun jinya ta aiko wa ubanta da gero da sukari. Wannan kuwa na'ura ba za ta faɗa mata ba.

Bayan azahar Maliki ya kishingiɗa, wayarsa na kan tabarma. Sakinatu ta ɗauka ta zagaya bayan ɗaki wurin shukar aswad. Ta nemo hoton yarinyar da farar rigar aiki, ta daɗe tana kallo. Shekara ashirin da bakwai ba ta taɓa neman ta da kanta ba. Kunya ta kama ta, amma ta danna.

"Yaba?"

Fauziyya ce, ta zaci ubanta ne ya kira.

"Yaba, kana ji na?"

"Ni ta."

Sai ta ji an ture kujera a can ɗaya gefen. "Inna? Inna, mi ya faru? Baba lafiya? In taho?"

"Lahiya lau yake, barci shikai. Tambaya gare ni. Dakuwar ga da kinka ce, da mi aka yin ta?"

"Dakuwa? Ful ne bas, ya Inna. Gujiya, a soya a niƙa. Ba sukkar, ba komai. Wadda ake sawa cikin salata."

Sakinatu ta zauna a kan turmin da ke kife. Dakwa! Niƙaƙƙiyar gyaɗar nan da ke cike da kasuwar Managil, wadda ita kanta take sa wa salatar tumatir duk mako. Da yarinyar ta faɗe ta cikin Larabci, da ko cikin barci ta gane. Amma ta zo a tsakiyar Hausa, tsakanin tafarnuwa da cokali, har da ƙarin wasali a ciki, sai kunnenta ya kai ta turmin uwarta.

"Ke," ta ce, "dakwa daban, dakuwa daban. Dakuwa da gero aka yin ta, da sukari. Ita kakarki ta kai tasha. Ita na ba ubanki."

Fauziyya ta amsa da muryar kuka.

"Na ɗauka ita ce Hausar dakwa. Wallahi na ɗauka Larabawa ne suka ara wurinmu suka gajarta. Na tsaya na gyara ta don… ya'ni don in yi miki magana duka da Hausa, ko sau ɗaya. Sau uku na goge saƙon ina sakewa."

Tausayi da dariya suka kama Sakinatu, ta rasa wanne za ta bari ya fito. Ta tsinki ganyen aswad tana murzawa.

"Hausarki ta yi," ta ce. "Kalma guda ta, kuma yanzu kin san ta. To gaya mini, tunda ga ki. Dawar ga da ba ta da zaƙi a baki, ina sukarinta ka ɓoyewa?"

Fauziyya ta yi dariya cikin hawaye ta soma bayani, rabi Hausa rabi Larabci, yadda ciki ke narkar da gari ya mayar da shi sukari. Sakinatu ta tambayi gero, ta tambayi wake, ta tambayi dalilin da ya sa gyaɗa ta tsira. Sai da wayar ta yi zafi a kunnenta suka rabu.

Laraba ta sake gasa aswad. Wannan karon gyaɗa zalla ta soya ta niƙa da kanta, don ba ta yarda da ta kasuwa ba, ko an ƙara mata gari. Maliki ya ci yana cewa ta farko ta fi daɗi, wanda gaskiya ne. Bayan awa biyu lamba ta zauna daram. Ya dube ta, ya dubi na'urar, ya ce, "To." Daga nan bai ƙara ba. Ta gane cewa ba lambar ce kaɗai ta riƙe shi a ɗaki ba. Mako takwas ya daɗe, kuma mutum in ya daɗe bai je wuri ba, ƙafarsa kan yi nauyi.

Don haka ranar Alhamis ta leƙa ta katanga ta gaya wa matar Osman cewa gobe kada mijinta ya zo ɗaukar siniyya, ko an aika.

Juma'a da hantsi ta shirya komai. Kisra a gefe kamar kullum, miyar kuɓewa busasshiya, sannan a tsakiya kwanon aswad da mai na ƙyalli a samansa, ajjur kewaye da shi. Ta rufe da faifai ta ajiye a tsakar gida. Siniyoyin maƙwabta suka riƙa wucewa ta ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

"Ina Osman?" Maliki ya tambaya daga ɗaki.

"Ban gan shi ba."

Ya ƙara jira. Ya fito ya leƙa hanya, ya dawo. Gidan da siniyyarsa ba ta fita ranar Juma'a ba, sai a zo tambayar ko an yi rasuwa, kuma ya san haka. Ya dube ta da idon wanda ya gane an yi masa tarko, ita kuwa ta duƙufa kan wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

"Ajiyewa kawai za ni yi in dawo," ya ce. Ya sa rawaninsa ya ɗauka.

Daga gidansu zuwa masallaci bai kai tafiyar shan ruwa ba. Ta tsaya jikin katanga tana saurare. Ta ji hayaniyar maza ta tashi, ana ta marhaba. Sannan, sama da muryar kowa, ta ji Hamid ya ɗaga tasa, kuma ko daga nan ta gane kalmomin: ya rantse da sakin matarsa. Ta koma ta zauna a bakin murhu, ta ce a ranta shi ke nan, ko ya ci kisra ya kwanta, ko ya taso ya dawo kuma ba zai sake zuwa ba har abada.

Bai dawo ba. Inuwar katanga ta ja baya taku biyu, bai dawo ba. Siniyoyin maƙwabta suka fara komawa. Sai can ta ji muryarsa a hanya yana musu da wani kan ranar da za a buɗe ruwa.

Ya shigo ya dire siniyyar a gabanta, yana ci gaba da magana kamar jiya ya bar ta. Wai gonar Bilyamin ta sha ruwa har ta yi yawa, wai liman zai je Rufa'a gaisuwa.

"Na ji Hamid ya rantse," ta katse shi.

"Ya rantse sai na ci. Bai ce mi ba. Na ɗauki ajjur na tsoma gaban idonai, aurenai ya tsira." Ya zauna yana warware rawani. "Sai shi ma yat tsoma don shi ji. Daga nan ban ƙara samun sarari ba, har na siniyyar kusa sunka miƙo hannu."

Sakinatu ta ɗaga faifan. Fiye da rabin kisra ya dawo ba a ci ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Kwanon tsakiya kuwa an suɗe shi tas, hannuwa iri-iri sun bi ta kansa, amma a gefe guda, wajen da ya saba zama, ga layi biyu da ɗan fili a tsakaninsu. Ta daɗe tana kallo. Daɗi ya cika ta har ta ji idonta na zafi, ta juya masa baya kada ya gani.

"Kwanon ga ya yi ƙarami," ya ce. "Juma'a mai zuwa ki sa babban nan na suna. Ni za ni ɗauka."